Tsirkiyoyin Al'ud: Kimiyyar Ɗaura Su da Kula da Su

Gabatarwa

Idan aka ambaci al'ud a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne turaren wuta mai tsada. Kalmar Larabci ce mai ma'anar itace, kuma da ita ake kiran wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi, dangin molo, wanda ya shahara a Masar da Sham da Iraƙi da Turkiyya da Sudan. A kan wannan abin kiɗa za mu yi bayani.

Mai kallo zai ga al'ud a jingine kamar babu abin da ke damun sa. A haƙiƙa kuwa, tsirkiyoyinsa na jan jikinsa dare da rana da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 35 zuwa 40, alhali kaurin allon da ke ɗauke da wannan ja bai wuce milimita 2 ba. Jan da ke haifar da amo mai daɗi shi ne kuma yake iya lanƙwasa wuyan al'ud ko ya ɓamɓare masa fuska. Saboda haka ɗaura tsirkiya aiki ne na lissafi da awo, kuma darasi ne na kimiyyar amo da ɗalibi zai iya gani da idonsa.

Sassan al'ud

Bayan al'ud kamar rabin ƙwarya yake, an haɗa shi da siraran filayen katako da aka lanƙwasa aka manne. Larabawa na kiran sa ƙas'a, wato akushi. An rufe bakin akushin da wani siririn allo mara nauyi da ake kira fuska, wanda aka huda masa tagogi masu ado. Wuyansa gajere ne, kuma babu 'yan ƙarafan nan da ake gittawa a wuyan jita, don haka yatsan makaɗi ne kaɗai ke yanke inda amo zai tsaya. A ƙarshen wuyan akwai akwatin turaku, wanda ya karkata baya, inda ake murɗa tsirkiyoyi.

Kowace tsirkiya tana da matsayi biyu. Na farko wani ɗan katako ne da aka manne a kan fuska, inda ake ƙulle ta. Larabawa na ce masa faras, wato doki, makaɗan goge da garaya kuwa jaki suke kiran irinsa. Na biyu ɗan ƙashi ne mai tsagi-tsagi a ƙarshen wuya, wanda ake kira hanci. Tazarar da ke tsakanin jaki da hanci ita ce tsawon da ke karkarwa: kimanin santimita 61 a al'ud na Larabawa, da 58.5 a na Turkawa. Yawancin al'ud na yau suna da tsirkiyoyi 11, wato tagwaye biyar da kuma kakkaura guda ɗaya tilo.

Abubuwa uku da ke sarrafa amo

Amo yana samuwa ne daga karkarwa. Gwargwadon yawan karkarwar tsirkiya a cikin sakan ɗaya, gwargwadon sirantar amonta. Siririyar tsirkiyar al'ud na Larabawa tana karkarwa sau 262 a sakan, kakkaurar kuwa kimanin sau 65. A shekarar 1636 wani masani Bafaranshe mai suna Marin Mersenne ya wallafa ƙa'idoji uku da suka bayyana abin da ke kawo wannan bambanci.

Na farko, tsawo. Idan aka danne tsirkiya a tsakiyarta, karkarwarta za ta ninka sau biyu, a sami amon da Larabawa ke kira jawabi, wato amon farko ne amma a sama. Na biyu, ƙarfin ja. A nan lissafin ya bambanta: sai an ninka ja sau huɗu kafin karkarwa ta ninka sau biyu. Na uku, nauyi. Idan nauyin tsirkiya ya ninka sau huɗu, tsawo da ja ba su canja ba, karkarwarta za ta ragu da rabi.

Abin lura a nan shi ne, maƙeri ya riga ya yanke tsawo tun ranar da ya manna jaki. Haka kuma al'adar kiɗa ta riga ta yanke amon da ake buƙata daga kowace tsirkiya. Abin da ya rage a hannun mai ɗauri shi ne zaɓen nauyin tsirkiya, kuma wannan zaɓi shi ke yanke yawan jan da al'ud zai ɗauka. Alal misali, tsirkiyar nailan mai kaurin milimita 0.6 tana da nauyin kimanin giram 0.31 a kowace mita. Idan ana so ta yi karkarwa 262 a tsawon santimita 61, lissafi ya nuna sai an ja ta da ƙarfin da ya ɗara nauyin kilo 3 kaɗan. In an tara irin wannan ja sau 11, za a ga inda aka samo kilo 35 zuwa 40 da muka ambata.

Daga siliki zuwa nailan

Magabata sun fahimci muhimmancin nauyi tun kafin Mersenne. A ƙarni na 9 al'ud yana da tsirkiyoyi huɗu: bamm, maslas, masna da zir, waɗanda ake yi da siliki ko hanjin dabba, kuma masanin nan Alkindi na Bagadaza ya yi rubutu a kansu. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa Ziryab, mawaƙin da ya isa Ƙurɗuba ta Andalus a shekarar 822, ya ƙara ta biyar. A ƙarni na 10 kuma, malaman Basra da ake kira Ikhwanus Safa sun ƙayyade yawan zaren silikin da za a murɗa a kowace tsirkiya: 64 da 48 da 36 da 27. Kowace lamba kashi uku cikin huɗu ce ta wadda ta gabace ta, domin dangantakar amon tsirkiyoyi biyu maƙwabta ita ce 4 da 3.

Ga wani lissafi da malami zai iya bai wa ɗalibansa. Bisa ƙa'idar Mersenne, kafin a sami dangantakar amo ta 4 da 3 da ja iri ɗaya, sai nauyin tsirkiyoyin ya kasance 16 da 9. Da tsarin malaman Basra kuwa, dole a ƙara wa kowace siririyar tsirkiya sulusin ja a kan na maƙwabciyarta kafin amon ya daidaita.

An ƙirƙiro nailan a Amurka a shekarar 1935, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya maye gurbin hanji a yawancin kayan kiɗa irin wannan, saboda araha da jure danshi. A yau tagwaye biyu na ƙasa, masu siririn amo, nailan ne zalla ko wata roba da ta fi shi nauyi. Sauran kuwa ana naɗe su da siririyar wayar tagulla mai rufin azurfa a kan zare mai laushi. Hikimar naɗin ita ce ƙara nauyi ba tare da tsirkiyar ta yi kauri har ta sandare ba.

Kuskuren da ya fi ɓarna

Turkawa kan ɗaure al'ud nasu sama da na Larabawa da mataki ɗaya na amo: siririyar tsirkiyarsu tana karkarwa sau 294 a maimakon 262. Bambancin bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba, amma tun da ja yana ƙaruwa fiye da yadda karkarwa ke ƙaruwa, wanda ya ɗaga al'ud na Larabawa zuwa amon Turkawa da tsirkiyoyinsa na asali ya ƙara masa ja da kashi 26 cikin ɗari. Kilo 36 sun koma 45 ke nan. Sakamakon ba lalle ya bayyana a ranar ba. A hankali fuska za ta kumbura a bayan jaki ta lotsa a gabansa, wuya ya karkato, wata rana kuma jakin ya ɓalle gaba ɗaya. Don haka kafin a sayi tsirkiyoyi, a auna tsawon da ke tsakanin jaki da hanci, a kuma duba amon da aka rubuta a jikin fakitin.

Yadda ake ɗaurawa

Kafin a kwance komai, a zana ko a ɗauki hoton yadda kowace tsirkiya ta tafi ga turkenta, domin tsarin ya bambanta daga maƙeri zuwa maƙeri, kuma manufarsa ita ce kada tsirkiyoyi su gitta juna su riƙa goga. Ya fi kyau a riƙa canja tagwaye ɗaya bayan ɗaya, don kada jikin al'ud ya rasa dukan jansa lokaci guda, sa'an nan ya sake ɗaukar sa. Wannan ya fi zama wajibi ga al'ud irin na Iraƙi da aka sani da marigayi Munir Bashir, wanda jakinsa ba a manne yake ba, tsirkiyoyi ne kawai ke danne shi. In an cire su duka, jakin zai gusa, tsawo ya canja.

A shimfiɗa ɗan kwali a kan fuska a bayan jaki, don bakin tsirkiya na iya karce ta. A zura tsirkiyar ta cikin hudar jaki, a dawo da bakinta a zagaye jikinta, a murɗa shi sau biyu ko uku idan nailan ce, saboda santsinta. Mai naɗin waya sau ɗaya ko biyu ya ishe ta. Murɗin ƙarshe ya kwanta a bayan jaki, ta yadda ja zai ƙara matse shi.

Daga nan a goga bakin fensir a cikin tsagin hanci. Baƙin fensir yana rage gogayya, tsirkiya ta riƙa zamewa ba tare da ta maƙale ba. In ta maƙale, jan da ke bayan hanci zai bambanta da na gabansa, sai amo ya sauka ko ya hau ana tsakiyar kiɗa. Sai a zura ɗaya bakin a hudar turke, a naɗa ta a jere ba a kan juna ba.

Turakun al'ud na katako ne masu tsukewa a baki, kuma gogayya ce kaɗai ke riƙe da su. Saboda haka ana murɗawa ne ana ɗan turawa ciki. Turken da ya cije a shafa masa busasshen sabulu kaɗan, wanda ke zamewa kuma a goga masa alli. Kada a kusanto da mai ko kaɗan. A riƙa hawa zuwa amon da ake so daga ƙasa, sannu a hankali. In an wuce, a sassauta a sake hawa.

Daidaita tagwaye

Ta yaya ake gane cewa tagwaye sun daidaita? Idan ɗaya tana karkarwa sau 196 a sakan, ɗayar kuma 197, kunne zai ji amon yana ƙaruwa yana raguwa sau ɗaya a kowane sakan, kamar numfashi. Dalili shi ne igiyoyin amon biyu suna haɗuwa su ƙarfafa juna, sa'an nan su saɓa su raunana juna. Yayin da ake matsowa ga daidaito numfashin zai riƙa yin jinkiri, har ya ɓace. Wannan awo na kunne yana da inganci ƙwarai.

Sabuwar tsirkiyar nailan kan saki amo na kwanaki, wani lokaci har mako ɗaya ko biyu. Ba lalacewa ta yi ba. Dogayen ƙwayoyin da suka haɗu suka yi nailan ne ke miƙewa a hankali a ƙarƙashin ja. Maganin abin haƙuri ne da yawan daidaitawa. Masu gaggawa da ke ɗaure ta fiye da kima don ta zauna da wuri suna jefa fuskar al'ud cikin haɗarin da muka bayyana.

Kulawa ta yau da kullum

Gumin hannu yana ɗauke da gishiri, wanda ke cin rufin azurfa, datti kuma yana shiga tsakanin naɗin waya. Idan haka ta faru nauyin tsirkiya ba zai zama ɗaya a duk tsawonta ba, sai amonta ya dushe, ya ƙi daidaita. A goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. Idan ɗaya daga cikin tagwaye ta tsinke, a canja su biyun, domin tsohuwa da sabuwa ba sa jituwa.

Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari shi ya fi dacewa da al'ud. Wanda ya kawo shi daga Alƙahira ko Khartum zuwa ƙasarmu ya yi hattara da hunturu, lokacin da turaku ke tsukewa su saki, fuska kuma tana iya tsagewa. Da damina kuwa turakun cijewa suke yi. A ajiye shi cikin akwatinsa, nesa da rana, kada kuma a bar shi cikin mota a rufe, domin zafi yana sassauta mannin da ke riƙe da jaki. In za a daɗe ba a kaɗa ba, a ɗan sassauta tsirkiyoyin. A riƙa auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuya a inda wuyan ya haɗu da akushi: kimanin milimita 3 ne daidai. Idan tana ƙaruwa, wuya ya fara karkata, sai a kai wa gwani tun abin bai yi nisa ba.

Kammalawa

Ba sai makaranta ta mallaki al'ud ba kafin a gwada waɗannan ƙa'idoji. A sami katako, a kafa ƙusa a gefe ɗaya, a ɗaura zaren kamun kifi, a sa fensir biyu a ƙarƙashinsa a matsayin jaki da hanci, a rataya galan mara nauyi a ɗaya bakin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A kaɗa zaren da lita ɗaya, a saurara. Sa'an nan a cika lita huɗu a sake kaɗawa. Ɗalibai za su ji amo ya hau zuwa kusa da jawabinsa. Daga nan su matsar da fensir ɗaya zuwa tsakiya, su kuma gwada zare mai kauri, su rubuta abin da suka ji. Ƙa'idar da za su gano ita ce ke aiki a garaya da gurmi da kuntigi, kuma ita ce mai al'ud ke kiyayewa duk lokacin da ya kama turke zai murɗa.