Yadda kwamfuta ke aiken 'yar uwarta ta hanyar RPC

RPC dabara ce da manhaja ke aiken wata kwamfutar ta yi mata wani aiki ta dawo da sakamako, kamar dai a cikin manhajar aka yi shi. Andrew Birrell da Bruce Nelson na cibiyar bincike ta Xerox PARC a Amurka ne suka fayyace tsarin a shekarar 1984.

Mai son gwadawa ba sai ya sauke komai ba, domin Python na zuwa da kayan XML-RPC, wani nau'in RPC, a cikinsa. A ɓangaren sabar, wato uwar garke, za ka rubuta ƙaramin aiki, a ce na tara lambobi biyu. Sai ka buɗe SimpleXMLRPCServer a ƙofa ta 8000, ka yi wa aikin rajista da register_function, sannan ka kira serve_forever domin ta zauna tana sauraro. A ɓangaren mai nema kuwa, ServerProxy kaɗai ya isa: ka ba shi adireshin sabar, ka kira aikin da sunansa. A bayan fage, sunan da lambobin ake naɗewa cikin XML a aika ta HTTP.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne mantawa da cewa akwai hanya a tsakani. Idan layi ya yanke, ba ka da tabbacin an yi aikin ko ba a yi ba, kuma maimaita umarnin cire kuɗi sau biyu ba wasa ba ne. Ita wannan sabar ta Python kuwa ta gwaji ce, kar a buɗe ta ga intanet. Manyan ayyuka sun fi karkata ga gRPC, wanda Google ya fitar a 2015.