Likitan Kifin Ado

A manyan biranenmu, daga Legas zuwa Abuja da Kano, akwai mutanen da suke cin abinci da kifin da ba a ci. Su ne masu harhaɗa akwatin gilashi, su zuba tsakuwa da tsirrai da ruwa, su saka kifin ado, su kai gidaje da otal-otal da ofisoshi. Yankan gilashi da liƙa shi, yaron shago ma zai koya cikin 'yan watanni. Ranar da ake gane gwani ita ce ranar da aka bugo waya aka ce kifi sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A nan mai sayar da kifi yake komawa likita, ga shi majinyacin nasa ba ya magana, ba ya nuna inda ke masa ciwo.

Gwani idan ya iso gida, ba ya fara buɗe jakar magani. Kujera yake ja ya zauna gaban gilashin, ya zuba ido. Yana duba wane kifi ne ya ware kansa a lungu, wanne ne ya tsuke fikafikansa, wanne ne ke goga jiki da dutse saboda ƙaiƙayi, wanne ne ya hau sama yana haki. Sai tambayoyi su biyo baya. "Ranka ya daɗe, yaushe aka kawo sabon kifi?" "Hajiya, wa ke ba su abinci, kuma sau nawa a rana?" "Da aka canja ruwa, daga famfo aka zuba kai tsaye?" Daga nan ya ɗebi ruwan ya auna amoniya da naitirait, gubar da kashin kifi da ragowar abinci ke haifarwa. Ruwa idan ya lalace yakan sa kifi haki da goga jiki kamar mai cuta, kuma zuba magani a irin wannan ruwa ƙara wa kifi azaba ne kawai.

Cutar da ta fi kowace kai shi gidajen mutane ita ce farin ɗigo. Za ka ga jikin kifi da fikafikansa kamar an barbaɗa musu gishiri. Kowane ɗigo halitta ce mai rai, mai ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda masana ke kira Ichthyophthirius multifiliis, sunan da wani masani Bafaranshe mai suna Fouquet ya raɗa mata a 1876. Takan kai girman milimita ɗaya, shi ya sa ido ke iya ganinta. Sanin yadda take rayuwa shi ne jarin mai wannan sana'a, domin ɗigon da ake gani yana kwance ne ƙarƙashin fatar kifi, inda magani ba ya kai wa gare shi. Idan ta ci ta ƙoshi sai ta faɗo cikin tsakuwa, ta lulluɓe kanta da wani kumbo mai yauƙi, ta yi ta rarrabuwa a ciki har ta zama ɗaruruwa, wani lokaci ta kai dubu. Nan ma magani bai cika ratsa ta ba. Sai kumbon ya fashe, 'ya'yan sun fantsama cikin ruwa suna neman jikin da za su shiga, sannan ake iya kashe su. Wanda bai sami kifi ba cikin kamar kwana biyu, mutuwa yake yi.

Wannan ne ya sa mai gida da likitan kifi suke yawan saɓawa. Bayan kwana uku ko huɗu ɗigon ya ɓace, mai gida ya yi murna ya ce a dakatar da magani. Likita kuwa ya san sun sauka ƙasa ne su hayayyafa, za su dawo ninkin-ba-ninkin. Saboda haka yake dagewa a ci gaba har kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsaya sai an ƙara wasu kwanaki bayan ɗigon ƙarshe.

Zafin ruwa shi ke tafiyar da wannan zagaye. A digiri 25 yakan kammala cikin ƙasa da mako guda, a ruwan sanyi kuwa ya ja makonni. Don haka gwani yakan ɗaga hita sannu a hankali zuwa digiri 29 ko 30 idan kifin masu jure zafi ne, don a gaggauta fitowar 'ya'yan su tarar da magani na jiransu. Amma ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, ga kuma cutar takan cika jan naman da ke ƙarƙashin kunnen kifi, wanda yake numfashi da shi. Dole a ƙara injin hura iska. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, mai sana'ar da ya san aikinsa ba ya rabuwa da ɗan injin iska mai batir. Hunturu ma lokacin aikinsa ne: a Disamba da Janairu daren Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, alhali yawancin kifin ado sun fi son 24 zuwa 27. Sanyi ya karya musu garkuwar jiki, cutar ta sami ƙofa.

Magani na farko gishiri ne, giram 1 zuwa 3 a kowace lita, a narkar da shi a bokiti a zuba kaɗan-kaɗan. A nan lissafi ke shigowa. Akwatin da tsawonsa santimita 100 ne, faɗinsa 40, zurfinsa 40, lita 160 yake ci, sai a cire abin da tsakuwa da duwatsu suka cinye. Wanda ya yi kirdado, ko dai ya zuba abin da bai kashe cuta ba, ko ya zuba abin da ya kashe kifi. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, saboda haka ba a ƙara shi sai gwargwadon ruwan da aka kwashe. Idan abin ya yi tsanani sai a koma ga haɗin fomalin da koren malakait. Kafin a zuba, a cire gawayin da ke cikin matatar ruwa, don zai tsotse maganin. Kifi marasa ɓawo, irin dangin tarwaɗa, da kifin nan na kogunanmu mai dogon leɓe kamar hancin giwa wanda ake fitarwa daga Najeriya zuwa Turai da Amurka, fatarsu ba ta jure cikakken awo, sai an rage. Maganin da ke da jan ƙarfe a ciki kuwa yana kashe katantanwa da jatan lande nan take.

Ba farin ɗigo kaɗai ne abokin gaba ba. Akwai wata cuta da ke shafa wa kifi ƙura mai ruwan zinariya, wadda ake gane ta idan an kashe fitila aka haska tocila daga gefe. Ita tana amfana da haske, shi ya sa ake rufe akwatin da zane yayin jinya. Akwai ƙananan tsutsotsi masu ƙugiya da ke maƙale a fata da wurin numfashi. Na fata haihuwa suke yi, na wurin numfashi kuwa ƙwai suke sakawa, kuma ƙwan ba ya jin magani, sai an maimaita bayan ya ƙyanƙyashe. Maganinsu firazikwantel ne, wanda ake ba yara masu tsargiya. Kwarkwatar kifi da wata mai kama da zare da ke kafa kanta cikin tsoka, waɗannan da matsefata ake cire manyansu. Jajayen tsutsotsin da ke leƙowa ta duburar kifi suna bukatar lebamizol. Ramukan da ke fitowa a kan wasu manyan kifaye kuwa akan haɗa musu metronidazol da gyaran ruwa da abinci. Wanda ya yi nisa a sana'ar yakan kankaro ɗan yauƙin jikin kifi ya duba a madubin likita, don ya san abin da yake yaƙa da shi kafin ya auna komai.

Sana'ar tana da amana mai nauyi. Galibin kafson da ake sha don ƙwayoyin bakteriya ba ya kashe waɗannan halittu, sai dai ya kashe bakteriya masu amfani da ke cikin matata suna tsabtace ruwa, guba ta taru. Koren malakait kuma an haramta shi a kifin ci a Tarayyar Turai da Amurka saboda fargabar yana jawo ciwon daji. Idan mai kiwon tarwaɗa ya zo neman "koren maganin nan" don kududdufinsa, mai tsoron Allah zai hana shi, domin wannan kifin tukunyar mutane zai shiga.

Babban abin da gwani ke koya wa abokin cinikinsa shi ne killace sabon kifi. A ajiye shi a wani ƙaramin akwati dabam na mako biyu zuwa huɗu, da ragarsa da bokitinsa, kafin a haɗa shi da sauran. Farin ɗigo ba ya tsirowa daga ruwa haka kawai, shigo da shi ake yi a jikin kifi, ko tsiro, ko jiƙaƙƙiyar raga. Wannan shawara tana rage wa mai sana'a cinikin magani, tana kuma rage masa cinikin kifin da za a saya a maye gurbin matattu. Duk da haka ita ce ke raba likita da ɗan kasuwa. Halittar da aka ciro daga kogi aka tsare ta cikin gilashi don ta faranta wa mutum ido, ba ta da inda za ta gudu idan cuta ta shigo, haƙƙinta yana wuyan wanda ya tsare ta. Mai sana'ar da ya san haka shi ne wanda ya cancanci a ba shi amanar akwati.