Aikin Mai Duba Dagwalon Masana'antu: Misali Daga Majemun Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana aikin wani ma'aikacin gwamnati wanda ba a cika jin ɗuriyarsa ba, watau jami'in da aka ɗora wa alhakin duba ruwan da masana'antu ke zubarwa bayan sun gama amfani da shi. Wannan ruwa shi za mu riƙa kira dagwalo, shi kuwa jami'in mu kira shi mai duba. Mun kafa misalanmu a kan majemun zamani na Kano, domin jima tana cikin sana'o'in da dagwalonsu ya fi wuyar sha'ani. Abin da muke so mu nuna shi ne, iyakar da doka ta bai wa mai duba ya yi awo da ita ta ginu ne bisa zaton akwai kogi mai gudana wanda zai surka dagwalon, alhali kuwa waɗansu rafukanmu ba su cika wannan sharaɗi sai da damina.

Daga Duba-gari Zuwa Mai Duba Dagwalo

Bahaushe ya daɗe da sanin duba-gari. Tun zamanin Turawa yakan shiga gida ya leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, ya dubi kwata da masai, in ya ga ƙazanta ya kai ƙara a ci maigida tara. Kayan aikinsa ido ne da hanci da ludayi, kuma sun ishe shi, domin ƙazantar da yake nema ana ganinta. Dagwalon masana'anta kuwa yana iya fitowa garau alhali yana ɗauke da guba, yana kuma iya fitowa baƙi ƙirin mai ɗoyi alhali cutarsa ba ta kai ta wancan ba. Saboda haka dole a koma ga awo, awo kuwa sai da iyaka wadda doka ta yanka.

Nijeriya ba ta sami cikakkiyar doka a kan wannan ba sai bayan abin da ya auku a Koko, wani garin bakin ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, inda a 1988 aka gano an jibge shara mai guba fiye da tan 3,000 da aka kawo daga Italiya. A wannan shekara gwamnatin soja ta kafa Doka ta 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, da kuma Doka ta 58 wadda ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, watau FEPA. A 1991 hukumar ta fitar da ƙa'idojin iyakance dagwalo, waɗanda suka wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace dagwalonta. A 1999 aka narkar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sa'an nan a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli, ban da na harkar man fetur da gas. A 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da majemu da masu yin takalma. Jihohi ma suna da nasu ma'aikatun muhalli da nasu masu duba.

Abin da Ke Cikin Dagwalon Majema

Kafin mai duba ya iya kama laifi sai ya san sana'ar da ya je dubawa. Majemin gargajiya da toka da bagaruwa yake aiki, kuma abin da yake zubarwa, duk da warinsa, yawancinsa ƙasa tana iya cinye shi. Majemar zamani kuwa mataki-mataki take tafiya, kowane mataki da irin ruwan da yake fitarwa. Da farko ana jiƙa fata a wanke gishirin da aka adana ta da shi, sai ruwa ya fito da gishiri da jini da kashi. Daga nan a tsoma ta cikin farar ƙasa da sinadarin salfayid domin gashi ya zube. Wannan ruwa kaifinsa irin na kanwa ne amma ya fi ta nesa ba kusa ba, yakan kai 12 a ma'aunin pH, wanda 7 ce tsakiyarsa. Can gaba kuma a jiƙa fatar cikin gishiri da asid har ma'aunin ya sauko wajen 3, sa'an nan a jeme ta da gishirin ƙarfen kuromiyam, wanda shi ke ba ta launin shuɗi-shuɗi. Fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka, wajen sulusinsa yakan bi ruwa ya fita. A ƙiyasin da aka saba, jimar tan ɗaya na ɗanyar fata takan ci ruwa lita 30,000 ko fiye.

Akwai haɗari guda da ya shafi ran mai duba kansa. In ruwan salfayid ya gamu da ruwan asid a lambatu ɗaya, sai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta tashi. In ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce alhali ƙaruwa ta yi, kuma tana kisa cikin ɗan lokaci a rami ko rufaffiyar magudana. Don haka abu na farko da gogaggen mai duba ke nema a majema shi ne ko an raba hanyoyin waɗannan ruwaye biyu.

Ɗibar Samfur

Doka ta ba mai duba ikon shiga masana'anta bisa sharuɗɗan da ta gindaya, ya duba takardun izini da littafin awon da masana'antar ke yi da kanta, ya ga ko na'urar tacewa tana aiki, ya kuma ɗebi samfur. A ganinmu ɗibar samfur ita ce zuciyar aikin, domin kwalbar da ya cika ita ce shaidar da za a kai gaban alƙali, kuma lauyan masana'anta ta nan zai fara neman ɓaraka.

Tambayar farko ita ce yaushe za a ɗiba. Mun riga mun ga cewa majema ba ruwa iri ɗaya take fitarwa ba. Wanda ya ɗiba da hantsi yana iya samun ruwan wanki kawai, wanda ya ɗiba da la'asar ya tarar an juye gangar kuromiyam. Kwalba ɗaya ta lokaci ɗaya ba ta faɗin komai sai halin wannan lokaci. Shi ya sa ake ɗiba kaɗan-kaɗan a sa'o'i dabam-dabam a haɗa, domin a sami matsakaicin yini. Ziyarar da aka ba da sanarwarta tun da wuri kuwa, kowa ya san abin da za a taras: an share, an kunna injin, ruwa yana fita fes. Na'urar tacewa tana cin wuta da magani, kuma inda lantarki ba ya zama sai an ƙona man dizal, saboda haka jarrabar kashe ta da dare ba ƙarama ba ce. Mai duba yakan gane haka ta hanyoyin da ba su buƙatar ɗakin gwaji: ya tambayi rasidin sayen magani, ya dubi mitar injin, ya nemi a nuna masa inda ake kai laka. Na'urar da ke aiki dole ta tara laka, in babu laka to ba a tace komai ba.

Tambaya ta biyu ita ce a ina. Ana ɗiba a bakin bututun ƙarshe inda ruwa ke barin harabar masana'anta, a kuma ɗiba a rafi sama da wurin da ƙasa da shi, domin a bambance abin da wannan masana'anta ta ƙara da abin da ruwan ya zo da shi. Wannan yana da wuya a unguwannin masana'antu irin Sharaɗa da Chalawa da Bompai, inda masana'antu da yawa ke zuba wa magudana ɗaya. In an bari ruwa ya gauraya, kowa sai ya nuna maƙwabcinsa.

Sa'an nan sai adana samfur. Zafin ruwa da pH da yawan iskar oksijin nan take ake auna su, domin suna sauyawa kafin a kai gari. Kwalbar da za a nemi ƙarafa a cikinta ana ɗiga mata asid har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya kwanta ko ya manne a jikin kwalba. Sauran a sa su cikin ƙanƙara a gaggauta kai su ɗakin gwaji. Kowace kwalba a liƙe ta, a rubuta wuri da rana da sa'a, wakilin masana'anta ya sa hannu, duk wanda ta bi ta hannunsa kuma a rubuta sunansa. Rashin ƙanƙara ta kuɗi kaɗan a zafin bazarar Kano ya isa ya rushe ƙarar da aka yi watanni ana shiryawa.

Yunwar Iska da Zancen Surki

Daga cikin awon da ake yi a ɗakin gwaji akwai wanda ake taƙaita sunansa da haruffan BOD, mu kuwa za mu kira shi awon yunwar iska. Kifi da sauran halittun ruwa da iskar oksijin da ta narke a ruwa suke numfashi, ita kuwa ba ta da yawa: wajen miligiram 9 a lita in zafin ruwa digiri 20 ne, ta ragu zuwa wajen 7.5 in ya kai digiri 30. In dagwalo mai ɗauke da nama da kitse da gashi ya shiga rafi, ƙwayoyin halitta sukan hau ruɓar da shi, suna yi suna cinye iskar, har ruwa ya yi baƙi ya yi ɗoyi, kifi ya mutu. Awon shi ne a rufe samfur a kwalba, a ajiye a duhu kwana 5 a zafin digiri 20, a ga yawan iskar da ta ɓace.

Wannan awo daga Ingila ya samo asali. Wani kwamitin sarauta da ya binciki zubar da ruwan masai ya ba da shawara a 1912 cewa kada yunwar iskar ruwan da aka tace ta wuce miligiram 20 a lita, gurɓin da ke yawo a cikinsa kuma kada ya wuce 30. To, amma sun gindaya sharaɗi wanda sau da yawa ake mantawa da shi, watau kogin da za a zuba wa ya kasance yana da ruwa mai tsabta da ya ninka dagwalon sau 8. Lissafin a fili yake. In kashi ɗaya mai yunwa 20 ya gauraya da kashi 8 masu yunwa 2, jimla 36 ke nan, a raba gida 9 a sami 4, wanda kogi ke iya ɗauka ba tare da ya lalace ba. Ashe iyakar 20 ba ta da ma'ana ita kaɗai sai an haɗa ta da kogin.

Irin wannan tunani yana nan a ƙa'idojinmu, ko da ba a faɗa ba. Ƙa'idojin 1991 sun ce pH na dagwalo ya tsaya tsakanin 6 da 9, zafinsa kada ya kai digiri 40, kuromiyam kuma ya gaza miligiram 1 a lita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa iyakar da ta sa wa kuromiyam a ruwan sha ita ce 0.05. Tsakanin adadin biyu akwai ninki 20, kuma ba abin da zai cike wannan rata sai surki.

Yanzu sai mu dubi Kano. Dagwalon Sharaɗa da Chalawa yana gangarawa Kogin Chalawa, wanda birnin ke shan ruwansa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda kuma ke haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗejiya, ruwan ya bi ta fadamun Haɗejiya da Nguru zuwa Komadugu Yobe a kan iyakar Nijar. Wannan kogi yana samun ɗan tallafi da rani daga madatsar Chalawa da aka kammala a 1992. Dagwalon Bompai kuwa rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara, ita kuma ta zuba a madatsar Wasai. Ruwan sama a Kano watanni huɗu zuwa biyar ne. A sauran shekara, yawancin abin da ke gudana a Getsi da Jakara ruwan kwatocin gari ne da na masana'antu, ba wani ruwa mai tsabta da zai ninka shi ko sau ɗaya, balle sau 8. Da wannan ruwa ne masu lambu a gaɓar rafin ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da ake kaiwa kasuwannin birni. Kada kuma a yi saurin ganin laifinsu, ruwan da ke akwai ke nan da rani, ga shi kuma yana ɗauke da taki.

Abin da wannan ke nufi shi ne, mai duba yana iya cika aikinsa daidai, kwalbarsa ta nuna masana'anta ba ta ƙetare iyaka ba, amma rafi ya ci gaba da lalacewa. Daɗin daɗawa, iyakar da aka gina a kan miligiram a lita tana da wata ƙofa: mai masana'anta yana iya sakin ruwan rijiyar burtsatse cikin bututu ya surka dagwalonsa kafin ya fito. Adadin zai sauka, amma nauyin gubar da ta fita bai ragu ba. Alal misali, masana'antar da ke fitar da lita 500,000 a yini a kan miligiram 1 ta zubar da rabin kilo na kuromiyam ke nan; in ta ninka ruwan, awo zai nuna rabin miligiram, rabin kilon kuwa yana nan. Shi kuromiyam ba ya ruɓewa kamar nama ko kitse. Yakan kwanta a lakar rafi da ƙasar lambu ya taru shekara da shekaru, kuma ko da yake nau'in da ake jima da shi bai kai ɗan'uwansa mai haddasa sankara haɗari ba, yana iya rikiɗa ya koma wancan, musamman in an ƙona laka ko ragowar fata.

Saboda haka muke ganin a wuri irin Kano bai kamata mai duba ya tsaya ga cika kwalba a bakin bututu ba. Ya kamata ya auna yawan ruwan da ke fita a yini, ya kwatanta shi da yawan fatar da aka jeme, domin a rubuta izinin masana'anta da kilo a yini maimakon miligiram a lita kaɗai. Ya kamata kuma iyakar rani ta fi ta damina tsanani, a ƙara da wurin ɗiba na huɗu bayan ukun da muka ambata, watau daidai inda mai lambu ke jefa tiyon injinsa a rafi, tare da ɗibar lakar wurin da ƙasar fangalinsa aƙalla sau ɗaya kafin saukar ruwan fari.