Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Murmushi

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana ita ce ƙayar da ta daɗe tana sukar masu ƙera mutanen cikin kwamfuta, waɗanda muke gani a finafinai da wasannin bidiyo. Zana hanci da baki ba wuya. Sa mai kallo ya yarda cewa fuskar nan tana cikin farin ciki ko damuwa, shi ne jan aiki.

Tun a shekarar 1862 wani likita Bafaranshe mai suna Duchenne ya wallafa sakamakon bincikensa, inda ya riƙa motsa tsokokin fuska da wutar lantarki yana ɗaukar hoto. Ya lura cewa a murmushin yaƙe, tsokar da ke jan gefen baki ce kaɗai ke aiki. A na gaskiya kuwa, tsokar da ta kewaye ido ma takan tsuke, kumatu su ɗago. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Ekman da Wallace Friesen, suka fito da tsarin FACS, wanda ya ba kowane motsin fuska lambarsa. Jan gefen baki shi ne lamba 12, ɗaga kumatu kuma lamba 6.

To, yaya kwamfuta ke amfani da wannan? A wurinta, fuska raga ce mai dubban ɗigogi, dabarar da Frederick Parke ya soma gwadawa a Jami'ar Utah a 1972. Mai zane yakan siffanta kowane motsi daban, ya ba shi ma'auni daga 0 zuwa 1, sannan ya gauraya su gwargwadon bukata. Wata hanyar kuma ita ce a ɗaura wa ɗan wasa ƙaramar kyamara a gaban fuska domin kwafe motsinsa, kamar yadda aka yi a fim ɗin Avatar na 2009.

Sai dai akwai tarko. A 1970 Masahiro Mori na Japan ya yi hasashen cewa idan abu ya kusa zama mutum amma bai ƙarasa ba, tsoro yake bayarwa maimakon sha'awa. Haka ta faru da fim ɗin The Polar Express na 2004, wanda masu sharhi suka ce idanun mutanensa kamar babu rai. Dalili kuwa, idon mai rai ba ya tsayawa cik, yana ƙiftawa yana ƙananan zabura. Ɓangarorin fuska biyu ba sa yin daidai. Murmushi kuma a hankali yake tasowa, a hankali yake dushewa. Duk wanda ya manta da waɗannan, gunki ya sassaƙa.

Ɗalibi, ɗauki madubi ka yi yaƙe, sa'an nan ka tuna abin da ya taɓa ba ka dariya. Dubi gefen idonka, za ka ga lamba 6 da kanka.