Ciwon sukari: ƙwaya ɗaya ce, amma magani biyu ne a cikinta

Yau shafinmu na kiwon lafiya zai tsaya kan ƙwayar ciwon sukari irin wadda aka haɗa magani biyu a cikinta. Likitoci suna rubuta ta ga manya masu ciwon sukari kala na biyu, wato wanda ya fi kama mutum bayan ya manyanta, idan magani guda ya kasa riƙe sukarin. Tana da sauƙi, don maimakon ƙwaya biyu sai a haɗiye ɗaya. Sai dai wannan sauƙin ne ke sa a manta cewa kowane daga cikin magungunan biyu da nasa hali, kuma da nasa sharaɗi.

A fara da kwalin. Duk ƙwayar da aka haɗa za ku ga lamba biyu a jikinta, misali 500 mg/2,5 mg ko 500 mg/5 mg. Babbar lambar ta Metformine ce, ƙaramar kuma ta abokin haɗinta. A Glucovance abokin shi ne Glibenclamide. A Amaryl M, Glimépiride ne. A Janumet kuwa Sitagliptine ne, a Galvus Met Vildagliptine. Ko mutum bai yi boko ba, ya sa yaro ɗan makaranta ya karanta masa waɗannan sunaye, ya riƙe su kamar yadda ya riƙe sunan kasuwar da yake ci. Sunan kamfani da launin kwali suna canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, sunan maganin da ke ciki shi ne ba ya canzawa.

Metformine tsohon magani ne. Wani likita a birnin Paris mai suna Jean Sterne ya fara ba masu ciwon sukari shi a shekarar 1957, kuma har yau da shi ake fara yi wa yawancin manya magani. Aikinsa shi ne ya hana hanta zuba sukari da yawa cikin jini, ya kuma taimaki jiki ya yi amfani da insulin ɗin da yake da shi. Shi kaɗai da wuya ya kayar da sukarin mutum ƙasa warwas. Glibenclamide fa ba haka yake ba. Shi yana tilasta wa wata ƴar tsoka da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankireyas, ta fitar da insulin, kuma ba ya tambaya ko ka karya kumallo ko ba ka karya ba. In ya tarar da abinci, ya yi aikinsa daidai. In bai tarar ba, sai ya cinye ɗan sukarin da ƙwaƙwalwa ke rayuwa da shi. Glimépiride ɗan gidansu ne, halinsu ɗaya. Sitagliptine da Vildagliptine sun fi su haƙuri, ba su cika kayar da sukari ba, amma sun fi tsada nesa ba kusa ba.

To a nan Damargu ga inda gizo ke saƙar. A ce dattijo ya tashi da asuba, ya haɗiye ƙwayarsa da kofin shayi, ya kora dabbobi zuwa rijiya. Zai ja guga har rana ta take, hura kuma sai an dawo gida. Ko manomi da damina, ya fita da hauya tun da sanyin safiya, abinci sai an kai masa gona wajen azahar. Aikin ƙarfi yana ƙone sukari, ƙwayar ma tana ƙone shi, ciki kuma babu komi. Sukarin shayin nan yana hawa da sauri ne ya sauka da sauri, ba ya riƙe mutum. Saboda haka ƙa'idar ita ce ƙwaya da loma tare. A sha ta a farkon cin abinci mai riƙe ciki, tuwon hatsi ne, ɗumame ne, hura da nono ce, shinkafa da wake ce. Ranar da babu abin da za a ci a wannan lokacin, a ƙyale ƙwayar har abinci na gaba. Wanda ya manta bai sha ta safe ba, kada ya haɗa biyu da dare wai ramuwa. Magani ba bashi ba ne.

Yaya ake gane sukari ya faɗi? Zufa mai sanyi ko ba a cikin rana ba, kyarmar hannu, yunwa mai tsanani farat ɗaya, bugun zuciya, jiri, gani dishi-dishi. Idan abin ya yi nisa, mutum ya fara magana ba kan gado, ko ya hau faɗa ba dalili, ko ya yi shiru yana zare ido, daga nan sai suma ko farfaɗiya. Nan ne iyali kan ce iska ce ta buge shi, a tafi neman hayaƙi da tofi, alhali sukari uku za su tashe shi. Addu'a ba ta hana ba da sukari, a haɗa su. In yana iya haɗiya, a ba shi dunƙulen sukari uku, ko babban cokali ɗaya na sukari ko zuma a cikin ruwa kaɗan, ko dabino biyu zuwa uku. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a ƙara. In ya dawo, ya ci abinci sosai. Wanda ya riga ya suma kuwa, kada a ɗura masa komi a baki, don zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a nemi mota ko amalanke zuwa CSI mafi kusa, a tafi da kwalin maganin a hannu.

Akwai abin da ya kamata a ji da kyau game da Glibenclamide: yana daɗewa a jiki. Mutum zai iya farfaɗowa da hantsi, a yi hamdala, da dare sukarin ya sake faɗuwa yana barci. Don haka ko ya warware, a kai shi wurin majo a ranar, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Tsofaffi da masu raunin ƙoda su abin ya fi yi wa illa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tun 2013 ta nuna a jerin muhimman magungunanta cewa Glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta fifita Gliclazide. Wanda ke da tsoho a gida yana shan wannan haɗin, ba laifi ba ne ya tambayi likita ko akwai canji. Tambaya muka ce, ba dainawa da kanka ba.

Mu dawo kan Metformine. A makonnin farko yana iya kawo tashin zuciya, kumburin ciki, zawo kaɗan, da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yawanci yana lafawa, kuma shan sa tare da abinci yana rage shi. Babban sharaɗinsa ƙoda ne, don ta can yake fita. Idan jiki ya bushe, ƙoda ta gaza, sai maganin ya taru ya ɓata jini, abin da ba ya yawan faruwa amma in ya faru yana kisa. Wanda ke amai da gudawa, ko zazzaɓi mai zafi ya hana shi ci da sha, ya dakatar da ƙwayar a ranar, ya yi ta shan ruwa, ya je likita. Ba a komawa kanta sai an ci an sha daidai. Ku tuna da wannan a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, da kuma damina lokacin gudawa da zazzaɓin sauro. Numfashi sama-sama da sauri, ciwon ciki, murɗawar tsoka da kasala mai tsanani ga mai shan Metformine, wannan ba na jira sai gobe ba ne. Awon ƙoda, wanda a takarda ake rubuta créatinine, a yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a likitar Tanut ko a babbar likitar ƙasa ta Damagaram. Wanda kuma za a yi wa tiyata, ko hoton sikana mai allurar ruwa a jijiya, ya faɗi cewa yana shan Metformine tun kafin a fara, don akan dakatar da shi na kwana biyu.

Sai maganar magungunan tebur da na cikin kwando a ranar kasuwa. Diclofénac da Ibuprofène da ake sha kamar gyaɗa don ciwon gaɓoɓi suna wahalar da ƙoda. Cotrimoxazole, wanda aka fi sani da Bactrim, yana ƙara wa Glibenclamide ƙarfi har sukari ya faɗi. Kinin na zazzaɓin sauro shi ma yana kayar da sukari, haka tramol. Maganin kurajen baki mai suna Miconazole an hana haɗa shi da Glibenclamide gaba ɗaya. Dexaméthasone kuwa, ƙwayar nan da wasu ke sha don ƙiba, ita hawar da sukari take yi. Giya ba ta haɗuwa da ko ɗaya daga cikin biyun. Jiƙe-jiƙen gargajiya, na hulba ne ko na ɗaci, ba wanda ya auna ƙarfinsu, don haka mai shan su ya faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya. Ba zai kama ka ba, lissafi zai gyara.

Azumi na bukatar shiri tun wata ɗaya ko biyu kafin ganin wata. Shan haɗin da ke da Glibenclamide da sahur, sannan a wuni ba ci ba sha cikin zafin nan namu, ganganci ne. Likita na iya mayar da babban kason zuwa lokacin shan ruwa, ya rage na sahur, ko ya raba maganin biyu ya canza ɗaya. Shawarar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da likitoci Musulmi ita ce a karya azumi nan take idan awo ya nuna ƙasa da 0,70 g/l ko sama da 3 g/l, ko alamun faɗuwar sukari suka bayyana, ko da saura kaɗan a kira magariba. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma sauƙin da aka yi wa marar lafiya a Suratul Baƙara malamanmu sun san shi. Wannan duka ya shafi Sitta Shawwal da azumin Litinin da Alhamis, waɗanda iyayenmu mata ke yi ba tare da sun gaya wa kowa ba.

Mace mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ko mai shayarwa, ta sanar da likita kafin ta ci gaba da wannan haɗin, don sau da yawa insulin ake komawa. Yaro ko matashin da ciwon sukari ya kama yana ramewa da sauri, shi ba ƙwaya ce maganinsa ba, kada a ɗebo ta kaka a ba shi.

Yanzu gare ku ƴan uwa na waje, masu aiko da magani ta hannun direbobi da matafiya. Allah ya saka da alheri, amma a kula da abu guda. A ce tsohuwa tana shan Glucophage da Daonil daga nan gida. Glucophage Metformine ne, Daonil Glibenclamide ne. Ɗanta ya aiko mata da Glucovance daga Aljeriya, ta ga sabon kwali mai kyau daga hannun ɗa, ta haɗa duka uku tana sha. Kowane magani ya zama ninki biyu kenan, ba ta sani ba. Kafin ku saya, ku sa a ɗauko muku hoton takardar likita da na kwalin da ake sha, gaba da baya, a turo ta WhatsApp, ku nuna wa mai farmasi. Lambobin biyu su zo daidai: 500/5 ba 500/2,5 ba ce, ƙarfin Glibenclamide ɗinta ninki biyu ne. Wanda ke Amurka zai ga an rubuta Glyburide, shi ne dai Glibenclamide. In an ga XR ko LP a kwali, ƙwayar mai narkewa a hankali ce, ba a tauna ta, ba a daka ta. Kuma idan kaya suka iso, a fara kai su wurin majo ya gani kafin a ɓare.

Na'urar awon sukari ma kyauta ce mai amfani, sai dai a duba ma'auninta. Takardun awo na Nijar da g/l ake rubuta su, na'urori da yawa kuma mg/dl suke nunawa, na Ingila da wasu na Najeriya mmol/l. Iyakar faɗuwar sukari 0,70 ce a na farko, 70 a na biyu, 3,9 a na uku, duk abu ɗaya ne. A rubuta lambar da ta dace da na'urar a manna a bayanta. A haɗo da tsinken awon irin nata da yawa, don in ya ƙare ba lalle a samu irinsa a Tanut ba.

Ajiyar ƙwayar kuma, a bar ta cikin ledarta ta asali har lokacin sha. Ba a aljihun riga ana yawo da ita cikin rana ba, ba gaban mota ba, ba saman katanga ƙarƙashin kwano ba. Gwangwani mai murfi a inuwa kusa da randa ya isa, inda ruwa ba ya taɓa ta kuma hannun yara ba ya kaiwa, don ƙwaya ɗaya ta Glibenclamide tana iya sumar da ƙaramin yaro. Masu tafiya mashekari da dabbobi bayan ruwa ya sauka, su lissafa kwanakin tafiyar, su karɓi maganin da zai kai su ya dawo da su, su ƙulla sukari ko dabino a bakin rawani, kuma a cikin abokan tafiya a samu mutum ɗaya aƙalla wanda ya san alamun da muka lissafa da abin da zai yi.