Mai fili da mai izini: zinariyar da ke ƙarƙashin ƙasa ta wa ce?

Tun lokacin da aka gano zinariya a Jado a watan Afrilu na 2014, garin Dirku ya zama zango ga dubban masu haƙa daga Nijar, Cadi, Sudan da Libiya. A wuraren haƙa, ciniki ya kai har ga ramuka: wani ya sayar da raminsa, wani ya sayi kaso a cikinsa. Tambayar ita ce, me mai sayen ya mallaka a gaban doka?

A wasu ƙasashe mai fili yana iya sayar da ma'adinan da ke ƙarƙashin filinsa ya riƙe saman. A jihar Luwiziyana ta Amurka, idan wanda ya sayi wannan haƙƙi ya yi shekara 10 bai taɓa aiki ba, haƙƙin yana komawa ga mai filin.

A Nijar tsarin ya bambanta. Dokar ma'adinai ta 2 ga Maris 1993, da wadda ta maye gurbinta a 2022, sun tsaya kan abu guda: albarkatun ƙarƙashin ƙasa na ƙasa ne. Gona, garkar dabino ko filin gado suna da masu su, amma mallakar ta tsaya a sama. Ke nan mai fili ba ya iya sayar da zinariyar da ke ƙasan filinsa, domin ba tasa ba ce. Abin da yake da haƙƙin nema shi ne diyya idan aikin haƙa ya ci masa fili.

Shi ma mai haƙa, takardar izini kawai gwamnati ke ba shi, mai wa'adi da sharuɗɗa. Idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba, ko aka karɓe takardar, wurin yana komawa hannun ƙasa. Haka ya faru da Imuraren: kamfanin Areva na Faransa, wanda ya koma Orano, ya samu izinin haƙar yuraniyom a 2009, hukumomin Yamai suka janye shi a watan Yuni na 2024. A watan Yuli aka karɓe izinin Madawela daga kamfanin GoviEx na Kanada.

Mutanen Kawar sun ga irin wannan da idonsu. Da gwamnati ta rufe Jado a farkon 2017, waɗanda suka zuba kuɗi a ramuka suka tashi hannu rabbana, kasuwar Dirku kuma ta ji a jikinta.

Don haka duk wanda aka yi wa tayin rami ko kaso a wurin haƙa, ya nemi ganin takardar ma'aikatar ma'adinai: sunan wa ke kanta, wane wuri ta ƙunsa, yaushe za ta ƙare. Yarjejeniyar da mutum biyu suka rubuta a gaban shaidu tana iya raba gardama tsakaninsu, amma ba ta hana gwamnati karɓar wurin.