Ranar da Mota Ta Zama Mutum a Kan Takarda

Tun shekarar 1945, lokacin da wani limamin coci a Ingila, Wilbert Awdry, ya wallafa hikayoyin jiragen ƙasa masu fuska da magana, waɗanda ya fara tsarawa domin lallashin ɗansa da ke jinyar ƙyanda, har zuwa 2006 da kamfanin Pixar ya fito da fim ɗin Cars, yaran duniya sun saba da abin hawa mai fushi da fara'a. Daga bisani masu sha'awar zane suka tsawaita al'amarin, suka riƙa cire ƙarfen baki ɗaya su bar halin, sai mota ta tashi mutum sosai.

Hikimar aikin tana ga zaɓi. Mai zane zai dubi Lightning McQueen, jar motar tsere ta fim ɗin Cars mai lamba 95, ya mai da fentinta riga, ya sa lambar a ƙirji, kana ya zuba girman kanta a ɗagawar gira. Thomas kuwa, shuɗin jirgin hikayoyin Awdry mai lamba 1, bututun hayaƙinsa ne ke komawa hula. In mai kallo bai gane motar a jikin mutumin ba, to zanen bai cika ba.

A ganina yaron Maiduguri bai da buƙatar aron motocin Amurka, alhali nasa na gabansa, kowace da tarihinta. Jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso garin a 1964, lalle dattijo ne mai babbar riga da hular zanna, wanda ya ga jiya, aka kuma daɗe ba a ji muryarsa ba. Keke Napep, da ya cika tituna bayan an haramta hawa babur a 2011, saurayi ne mai gaggawa, sanye da rawaya, yana kutsawa ƙofar Kasuwar Monday ba sallama. Motar kifi ta hanyar Baga fa, ai wannan 'yar fatauci ce, ƙura har gira, ƙamshin banda bai rabuwa da tufafinta.

Akwai mas'alar shari'a, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba, musamman a Borno, ƙasar allo da tawada. Mashhurin zancen malaman Malikiyya shi ne, haramcin sura ya ta'allaƙa ne ga cikakken mutum-mutumi mai inuwa, amma abin da aka shimfiɗa bisa takarda hukuncinsa bai kai nan ba. Wasu malamai kuwa sun tsananta a duka biyun. Mahaifin da ya ga ɗansa ya duƙufa da fensir, ya kyautu ya tambayi malaminsa tukuna, kafin ya karɓe littafin ko ya ƙaro masa wani.